Tsingaron da Garma Ta Tono a Gona

Jama'a, sau nawa garma ke tono tsingaro a gonakinmu na bakin kogin Wudil, mu sa ƙafa mu ture shi? To, wani tsingaron ya girmi garin da muke ciki.

A shekarar 1928 masu haƙar kuza a ƙauyen Nok, kudancin Jihar Kaduna ta yanzu, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. Daga baya wani Bature mai suna Bernard Fagg ya bi diddigin irin waɗannan kayan. Binciken masana ya nuna wasunsu sun haura shekara 2,500. Da hannu aka gina su, babu inji. Mutanen Nok sun noma gero, sun narka ƙarfe. A 2021 masana sun ba da labarin samun ragowar kakin zuma a jikin tukwanensu. Ashe tun wancan zamani ana cin zuma a ƙasar nan!

Me ya sa tukunya ke daɗewa haka? Ƙwarya tana ruɓewa, tabarma gara ta cinye, ƙarfe ya yi tsatsa. Amma yumɓun da ya sha wuta ba ya komawa laka. Ko ya fashe, yana nan.

Can a nahiyar Asiya ma an yi irin wannan. A ƙasar Tailan akwai wani ƙauye, Ban Chiang. A 1966 wani ɗalibi Ba'amurke ya yi tuntuɓe da saiwar rimi a hanyar ƙauyen, ya faɗi, sai ya ga bakin tukwane a ƙasa. Tukwane ne masu jan zane a murɗe, ginin hannu, ana tare cikin da dunƙule ana bugun bayan da katako. A 1992 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya. Sai dai kafin nan dillalai sun kwashe tukwane masu yawa zuwa ƙasashen waje. Haka aka yi wa Nok, kuma asara ce babba, domin tukunyar da aka cire daga inda take ba a sanin tare da me aka binne ta.

Dokar Najeriya ta 1979 ta hana saye da sayar da irin waɗannan kayan ba da izini ba. In ka ci karo da tsohuwar tukunya a kufai ko a ramin gini, kada ka fasa ta don tsoro, kada ka kankare ta. Ka bar ta a wurinta, ka shaida wa dagaci, shi kuma ya kai magana Gidan Makama a Kano.