Kisan George Floyd Da Tambayar Da Ba Mu Yi Wa Kanmu Ba

Ran 25 ga watan Mayu 2020, wani ɗan sanda Bature mai suna Derek Chauvin ya danne wuyan wani baƙar fata, George Floyd, da gwiwa har fiye da minti tara a birnin Miniyapolis na Amurka, sai da rai ya yi halinsa. Kisan baƙar fata a hannun 'yan sandan Amurka ba baƙon abu ba ne. Abin da ya ba duniya mamaki shi ne yawan Turawan da suka fito zanga-zanga. Hujjarsu kuwa ita ce, da harajinsu ake biyan wannan ɗan sanda, da sunan tsaronsu yake aiki, saboda haka shirun da suka daɗe suna yi ya sa su ma cikin laifin. Waɗansu baƙaƙen fata sun ce nadamar ta ganin ido ce, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Duk da haka, a 2021 kotu ta ɗaure Chauvin shekara 22 da rabi.

Mako biyu bayan mutuwar Floyd, watau ran 9 ga Yuni, 'yan bindiga suka afka wa ƙauyen Kadisau a ƙaramar hukumar Faskari, suka kashe mutane da dama. Ran 16 ga watan matasa suka yi zanga-zangar lumana a birnin Katsina, daga bisani 'yan sanda suka tsare jagoranta, Nastura Ashir Sharif, a Abuja. A nan kukan talaka daban yake: rashin 'yan sanda ne ya dame shi. Wannan ne ya sa da guguwar EndSARS ta taso a Legas cikin Oktoba, ba ta sami karɓuwa sosai a Faskari da Sabuwa ba. Sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara ran 11 ga Disamba ya ƙara tabbatar da wannan kuka.

To, amma kada mai karatu ya ɗauka labarin Amurka bai shafe mu ba. A wannan yanki an yi wani irin kisa da ba mu cika son ambatonsa ba. 'Yan sa kai, waɗanda jama'a suka kafa don kare garuruwa, an sha zarginsu da kama Bafulatani a kasuwa ko a kan hanya, su kashe shi ba alƙali ba shaida, alhali ba abin da aka gani a jikinsa illa kama da harshe. Danginsa kuma sai su ɗauki fansa a kan manomin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Abin ya kai ga gwamnonin Arewa maso Yamma suka haramta 'yan sa kai a wani taro da suka yi a Katsina cikin Agusta 2019.

Da sunan tsaronmu aka yi wannan aiki, kamar dai yadda Turawan can suka faɗa game da Chauvin. Gaskiya ne wanda aka ƙone wa rumbu, aka sace wa 'ya, da wuya a roƙe shi ya tausaya wa wani. Amma ma'aikacin da ke zaune a ofis cikin birni da ɗalibin da ke aji ba su da wannan uzuri, kuma su ne suka fi kowa yayata hoton Floyd a Facebook a waccan shekara.