Shunin Awa da Shimfiɗar Mutanen Japan

A tsibirin Shikoku, ɗaya daga cikin manyan tsibirai huɗu na ƙasar Japan, akwai wani kogi da ake kira Yoshino, wanda a zamanin da can ya kasance fitina ga manoman da ke zaune a gaɓarsa, domin kusan kowace shekara, idan guguwar teku ta taso wajen watan Agusta da Satumba, yakan yi ambaliya ya cinye gonaki tun shinkafa ba ta isa yanka ba. Amma Allah cikin hikimarsa sai ya ɓoye arzikin lardin Awa a cikin musibar nan, gama ruwan idan ya janye yakan bar sabuwar ƙasa mai taki, ita ce kuwa abin da tsiron shuni yake bukata, ga shi kuma ana girbe shi tun kafin lokacin ambaliya. Sarakunan gidan Hachisuka, waɗanda suka riƙe lardin tun daga shekarar 1585, suka ɗaure wa wannan noma gindi, har shunin Awa, watau jihar Tokushima ta yau, ya zama ba shi da na biyu a kasuwannin ƙasar.

Tsiron da suke nomawa ba irin baban rini na ƙasar Hausa ba ne, wani ganye ne dabam, ko da yake sinadarin launin da ke cikinsu ɗaya ne. Ana shuka shi a watan Maris, a yanke da tsananin zafi, a shanya, a raba ganye da itace. Daga nan ne aikin haƙuri yake farawa, domin ana tara busasshen ganyen tuli guda a wani ɗaki mai daɓen ƙasa, a yayyafa masa ruwa, a lulluɓe shi da tabarmin kara, sa'an nan kowane mako a buɗe a juya shi a ƙara ruwa gwargwadon hali, haka nan har kimanin kwana 100. A cikin wannan mudda tulin yakan yi zafi har ya haura digiri 60, tururi na tashi, wari mai kaifi yana sa idon ma'aikaci hawaye. Ma'abota sana'ar suna gane lafiyarsa da tafin hannu da hanci, gama in ruwa ya yi yawa ya ruɓe, in ya yi kaɗan ya mutu, wahalar shekara ta tafi a banza. Abin da ke fitowa, baƙi mai kama da taki, shi ake kira sukumo.

Marini idan ya saye shi sai ya zuba a cikin manyan randuna da aka binne a ƙasa, ya haɗa da ruwan tokar itace da dusar alkama da farar ƙasa, waɗansu har sukan ƙara giyar shinkafa. Tun da yake ƙasar ta sanyi ce, akan binne randunan huɗu-huɗu, a bar rami a tsakiya inda wuta take ci a hankali don ta ɗumama su. Bayan mako guda ko fiye, kumfa mai sheƙi takan taru a saman ruwan, alamar cewa rini ya nuna. Akwai marinan da sukan ɗanɗana da harshe don su tabbatar. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin karofin Ƙofar Mata a Kano ya san abin da zai biyo baya: a tsoma ƙyalle, a matse, ya fito kore-kore, iska na bugunsa ya rikiɗe shuɗi a gaban ido. Abin mamaki ne ƙwarai a ce mutanen da ba su taɓa jin labarin juna ba sun kai ga sirri ɗaya, da toka da ganye da jira. Mai son launi mai duhu sai ya maimaita tsomawa sau ashirin ko talatin, yana kuma barin randar ta huta, domin aba ce mai rai, in an matsa mata takan gaji.

A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, hukuma ta taƙaita wa talakawa sa alharini da launuka masu ƙawa, auduga kuwa ta yaɗu, ga shi babu rinin da yake kama ta kamar shuni. Sabili da haka shuɗi ya game ƙasa, daga rigar manomi zuwa labulen ƙofar kanti, har ya shiga ɗakin kwana. Iyayen amarya sukan kai wa marini ƙyallen rufin katifa, ya zana masa tsuntsaye da furannin fatan alheri da ƙullin shinkafa, ya rina, ya wanke, zanen ya fito fari tas. Akwai kuma wani bargo mai suna yogi, wanda aka ɗinka da siffar babbar riga mai hannuwa aka cusa masa auduga. A arewacin ƙasar, inda auduga ba ta yi saboda sanyi, mata sukan riƙa ɗora faci a kan faci, bargo ɗaya ya wuce daga kaka zuwa jika. A ganina waɗannan tsummokara, da yanzu ake ratayewa a gidajen tarihi, sun fi tufafin fada bayyana darajar shuni, gama sun nuna cewa yana tsufa ba ya muni.

Ba auduga kaɗai ake yin shimfiɗa da ita ba; game da lilin kuwa, ya kamata mai karatu ya sani cewa irin na Turai bai samu gindin zama a Japan ba sai bayan 1868. Abin da suka gada shi ne zaren ɓawon tsire-tsire, mai kama da na rama, wanda ba ya manne wa jiki cikin zafi da gumi, shi ya sa ake son shi wajen shimfiɗar lokacin zafi da gidan sauro. Mafi daraja shi ne saƙar Ojiya da Echigo a jihar Niigata, wadda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2009: da farce ake tsaga zaren, a murza da hannu, a saƙa, a tattaka cikin ruwa da ƙafa, daga bisani a shimfiɗa shi a kan dusar ƙanƙara ranar da rana ta fito, don farinsa ya ƙara haske.

Noman shuni a Tokushima ya kai ƙololuwa a 1903, da kimanin hekta 15,000, alhali kuwa ajalinsa ya riga ya kusato, domin tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta mai araha da sauƙin aiki. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka hana nomansa don a shuka abinci, sai da waɗansu suka riƙa ɓoye irin suna shukawa a asirce. Yau gidajen da ke yin sukumo a can ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, amma samari sun fara komawa koyo, suna rina zannuwan gado na lilin da rigunan matashin kai. Kayan suna da tsada, kuma ba kowane shuɗi da aka liƙa wa sunan Japan ne ya ga randa ba, don haka mai saye ya tambayi da me aka rina, a kuma ina.