Maki Ɗaya Tak Ya Raba Lauda Da Hunt

Har yau masu sha'awar tseren motoci na Formula 1 ba su daina gardama a kan gasar 1976 ba.

Niki Lauda, mutumin Ostiriya mai tuƙa Ferrari, ya yi wa kowa fintinkau, sai ran 1 ga Agusta motarsa ta yi haɗari a Jamus, ta kama wuta. Fuskarsa ta ƙone, hayaƙi ya taɓa huhunsa, har aka fid da rai. Bayan mako 6 sai ga shi a tseren Italiya, ciwon bai ko warke ba, ya zo na 4.

A tseren ƙarshe, a Japan, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Lauda ya zagaya sau 2 ya tsai da mota, ya ce ransa ya fi kambi. James Hunt na Ingila, direban McLaren, ya zo na 3, ya tashi da maki 69, Lauda 68.

Waɗansu suka ce tsoro ne. To, su dai ba su ɗanɗani wutar nan ba. A 1977 Lauda ya ƙwato kambinsa.