Garka da Itatuwan Gona a Ƙasar Faskari

A ƙasar Faskari, haka ma Ƙanƙara da Sabuwa, itatuwa masu 'ya'ya kashi biyu ne. Akwai na garka, wato waɗanda ake dasawa a bakin fadama a kewaye da shinge, kamar mangwaro da gwaiba da lemu. Akwai kuma waɗanda ba wanda ya dasa su, manomi ne ya tarar da su yana sassabe ya ƙyale su, irin su ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da ɗinya da kanya. A nawa ganin, kashi na biyun nan shi ne ainihin lambun kakanninmu, kuma shi ne yake ƙarewa.

Mu ɗauki ɗorawa. Tana nuna ne da bazara, lokacin da rumbu ya fara yin ƙasa. A sha garinta, a yi daddawa da kalwa, a jiƙa makuba a yi daɓe ko a shafe katanga. Kaɗanya kuwa da faɗuwar damina take zuba, yara su sha, mata su tara ƙwallon su yi man kaɗe. Saboda wannan daraja ne akan jinginar da gona amma ɗorawar cikinta tana nan ta mai ita, a kuma ambace ta daban wajen rabon gado.

Daga 1975 zuwa 1980 an gudanar da Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, wanda ya haɗa da gundumomin Faskari da Ƙanƙara. Masara da takin zamani suka yaɗu, jama'a suka amfana ƙwarai. Sai dai masara ba ta son inuwa, garmar shanu da tarakta kuma ba su san tsiron kaɗanya ba. Manya suka tsufa, babu 'yan baya. Ga masu gawayi da masu sassaƙa turmi. A 'yan shekarun nan kuma rashin tsaro ya raba mutane da yawa da gonakinsu na kusa da dajin Kogo, garka ta rasa mai gyara shinge, kauci ya hau bishiyoyi ba mai cirewa.

Na halarci bukukuwan dashen itatuwa da dama ina cikin aiki, kaɗan daga abin da muka dasa ya ga damina ta biyu. Dabarar da na fi amincewa da ita ita ce ta manoman Maraɗi, wadda ta fara yaɗuwa tun wajen 1983, suna ce mata sassaben zamani. Manomi ya zaɓi toho mai ƙarfi a kan kututture, ya datse sauran, ya kare shi daga awaki da wuta. Saiwa ta riga ta kama ƙasa, ba ya buƙatar ban ruwa.

Tsohon mangwaro ma ba sai an sare shi ba. A rage masa rassa, idan ya toho a yi masa aure da iri mai kyau.

Malaman makaranta da ke son reno tare da ɗalibai su lura da abu biyu. Kalwa sai an jiƙa ta a ruwan zafi kafin ta tsira da wuri. Ƙwallon kaɗanya kuwa ɗanye ake shuka shi, a inda ake so ya zauna, domin ba ya son cirar dashe, kuma yakan kai shekara goma sha biyar kafin ya fara 'ya'ya.