Jinkirin taɓa allo da burauzar da ke aron suna

Lokacin da kamfanin Apple ya fitar da iPhone a 2007, an tsara kusan dukkan shafukan intanet ne domin faffaɗan allon kwamfuta, saboda haka Safari, wato burauzar wayar ko manhajar buɗe shafuka, ta zo da dabarar taɓa allo sau biyu a jere domin ƙara girman rubutu. Dabarar ta haifar da jinkiri, domin duk sa'ad da yatsa ya ɗaga daga allo sai burauza ta dakata kimanin kashi uku cikin goma na daƙiƙa tana jiran taɓawa ta biyu, abin da ke sa mai waya ya ɗauka maɓalli bai amsa ba har ya sake dannawa. Masu gina manhaja sun daɗe suna toshe wannan ɓaraka da ƙaramin shirin FastClick, kafin Chrome ta cire jinkirin a 2014 ga shafin da ya bayyana cewa faɗinsa daidai yake da faɗin allon waya, Safari kuma ta bi sahu a 2016. Abin da ya rage laifin masu gina shafuka ne, waɗanda ke goge inuwar da burauza kan nuna a wurin da aka taɓa ba tare da sun sanya wata alama a madadinta ba.

Matsala ta biyu ta fi wuyar sha'ani. Kowace burauza tana aika wa shafi layin rubutu da ke gabatar da ita, amma layin cike yake da sunayen aro: Chrome tana ambaton Safari, Edge tana ambaton Chrome, kusan dukkansu kuma suna farawa da sunan Mozilla. Opera ma, da ta kai fitowa ta 10 a 2009, ta kira kanta 9.80 saboda wasu shafuka lambar farko kaɗai suke karantawa. Tun 2019 kuwa Safari ta iPad ke gabatar da kanta a matsayin kwamfutar Mac, ta yadda shafin da ya dogara da suna kan ba mai amfani da yatsa ƙananan maɓallan da aka yi domin linzamin kwamfuta. Shi ya sa ƙwararru suka koma tambayar burauza abin da take iyawa, kamar ko abin nuni yatsa ne ko linzami, da ko na'urar tana iya jijjiga, wanda Safari ta iPhone ba ta ba shafuka damar yi.