Murafun Babur, Na Ado Da Na Aiki

 Abin da nake so in yi bayani a kansa ƙaramin abu ne a ido, watau murafun da ake rufe injin babur da su, da yadda samari ke cire su ko su musanya su da waɗansu don neman kwalliya. Wani zai ce ina ruwan ɗan makaranta da wannan? To, Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ni kam ya tsone mini, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kowa ya san matsayin babur a ƙasar Rano da Kibiya. Da shi manomi ke kai taki gona, da shi ake ɗauko buhun masara daga Rurum ko Tarai ko Saya-Saya zuwa kasuwa, da shi kuma ake garzayawa da mara lafiya asibiti cikin dare. A shekarar 2013 gwamnatin Jihar Kano ta hana ɗaukar fasinja a kan babur a cikin birni da kewayensa, amma mu nan karkara acaɓa bai daina ciyar da gidaje ba. Gidanmu yana ɗaya daga cikinsu. Yayana ne ke jigila tsakanin Rano da Kibiya, daga abin da yake samu ake cefane, daga nan kuma ake saya mini littattafai.

A hutun bara na yi ƙwadago a gonar wani maƙwabcinmu, na tara 'yan kuɗi. Ranar kasuwa na ga wani mai tebur yana sayar da wani faranti mai ƙyalli kamar madubi, wanda ake ɗaura wa injin babur a gefen dama. Na ce a raina bari in burge Yaya. Da azahar, yana barci, na ɗauki sifana na kwance notuna huɗu daga jikin murfin injin, na ɗora farantin, na mayar da notunan. Da yake farantin ya ƙara kauri, sai notunan suka gaza tsawo. Maimakon in tsaya, sai na sa ƙarfi na yi ta murɗawa, har na ji ɗaya ya saki yana juyawa a banza. Na yi shiru da bakina. Da Yaya ya tashi ya gani, ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, yau ka mai da ni ango." Ashe baƙin mai ya fara tsatsafowa ta wurin notin nan, farantin kuwa ya ɓoye wurin, ba mai gani. Bayan mako guda, Yaya ya taso daga Kibiya da fasinja da kaya, injin ya yi wata irin ƙara ya cije a tsakiyar hanya. Kwana tara babur yana gareji. Kuɗin da aka tanada don rajistar jarrabawata su aka kai wa mai kayan gyara, sai da Baba ya sayar da tunkiya kana aka cike gurbinsu.

Kawuna makanike ne, shi ya yi gyaran. Da na faɗa masa gaskiya bai doke ni ba, sai ya ce, "Tun da hannunka yana ƙaiƙayi, zo ka zauna nan har hutu ya ƙare." Abin da na koya a wurinsa, da abin da malaminmu na kimiyya ya ƙara mini, shi ne zan zayyana a nan.

Da farko dai, murafun babur iri uku ne, ko da yake a ido duk murfi ne.

Iri na farko shi ne na ado da ɓoye tarkace. Misalinsa murafun gefe guda biyu da ke ƙarƙashin wurin zama, waɗanda yawanci na roba ne, kuma a jikinsu ake rubuta sunan babur. Bayansu akwai batir da wayoyi da akwatin matatar iska. In ka cire su babur zai tashi, zai kuma yi tafiya. Amma ko su ba banza aka sa su ba. Da damina suna tare ruwa da laka kada su shiga wayoyi, da hunturu kuma suna rage ƙurar da ke isa bakin matatar iska. Ƙura kuwa in ta sami hanya ta shiga injin, tana cin fistin da ringinsa a hankali kamar yadda dutsen wasa ke cin wuƙa.

Iri na biyu shi ne na tsare lafiyar mutum. A nan ne murfin sarƙa yake, da ƙaramin murfin da ke rufe haƙoran da ke jan sarƙa daga injin, da garkuwar da ke jikin salansa. Samari da yawa suna cire murfin sarƙa, wai yana ƙara, ko wai babur ya fi kyau in ba shi. Amma mu tuna da irin suturarmu. Babbar riga, da zane, da hijabi, duk suna lilo kusa da ƙafar baya. Sarƙa in ta kama bakin zane ba ta saki, sai ta fizgo mai shi ƙasa. A ƙasar Indiya, inda ake ƙera Boxer ɗin da ya cika hanyoyinmu, doka ce ta tilasta a sa wa babur kariya a gefen ƙafar baya, saboda matansu ma dogon zane suke ɗaurawa. Ita kuwa garkuwar salansa, duk wanda ya taɓa ganin tabon ƙuna a ƙwaurin yaro ya san amfaninta. Ban da haka, sarƙar da ke rufe ta fi daɗewa, domin yashi ba ya manne wa man da ke jikinta.

Iri na uku shi ne wanda yake sashen injin ne da kansa, nan ne kuma na yi ɓarnata. Murfin gefen dama a irin baburanmu shi ke rufe kulochi, shi ne kuma bango guda na rumbun baƙin mai. Tsakaninsa da jikin injin akwai wata 'yar takarda mai tauri da makanikai ke kira gasket, ita ke hana mai fita. Murfin gefen hagu yana rufe maganaɗisu da naɗin wayoyin da ke ba da wuta ga fulogi da fitila da batir. Man da irin waɗannan injuna ke ɗauka bai wuce kimanin lita ɗaya ba, saboda haka ɗigo kaɗan kullum ya isa ya ƙarar da shi cikin kwanaki. In mai ya ƙare, ƙarfe ya riƙa gugar ƙarfe, zafi ya yi yawa, fistin ya kumbura ya cije. Abin da ya sami babur ɗin Yaya ke nan.

To, yaya mutum zai gane wane iri ne a gabansa? Kawu ya ba ni alamu huɗu. In murfin na ƙarfe ne kuma notuna sun kewaye bakinsa gaba ɗaya, na aiki ne. In ka ga bakin gasket ko danshin mai a gefensa, na aiki ne. In waya ko igiyar kulochi ta shiga cikinsa, na aiki ne. In kuwa roba ce mai noti ɗaya ko biyu, ko mai 'yan ƙahoni da ke shiga ramukan roba, to yawanci na ado ne.

Akwai kuma batun zafi, wanda malaminmu ya yi mana bayaninsa a aji. Daga ƙarfin da ke cikin fetur, abin da ke zama tafiya bai fi kashi ɗaya cikin uku ba, saura duk zafi ne da dole ya fita. Mota tana da lagireto da ruwa, amma yawancin baburanmu iska kaɗai ke sanyaya su. Shi ya sa aka yi wa kan injin waɗannan tsage-tsage masu kama da haƙarƙari, don a ƙara faɗin wurin da iska za ta taɓa. Duk wanda ya rufe su da farantin ado, ko ya rataya leda ko fata a gabansu, ko ya bar laka ta bushe a tsakaninsu, kamar ya lulluɓe mai zazzaɓi da bargo ne a watan bazara. A wani ɓangaren kuma, akwai injunan da aka ɓoye a cikin jiki, kamar na Vespa da na keke mai ƙafa uku. Su fanka ce ke hura musu iska, murfin da ke kansu kuwa shi ke bi da iskar zuwa inda ake bukata. Wanda ya cire wannan murfi wai don injin ya sha iska, ya yi akasin abin da ya nufa, domin iskar za ta watse ne kawai.

Masu ƙera babur ba su sa abu sai da dalili. Kamfanin Honda na ƙasar Jafan ya fito da Super Cub a shekarar 1958 da garkuwar roba a gaban ƙafafu, don ta tare wa mahayi iska da laka, daga gare shi ne kuma irin baburan da muke kira roba-roba suka samo siffarsu. A shekarar 1975 kamfanin ya fito da CG125, wanda aka tsara musamman don ƙasashen da hanya ba ta da kyau, gyara kuma ba ya samuwa a kan kari. Mutanen da suka zauna suka yi wannan lissafi sun fi mai tebur sanin abin da ya dace da injin.

Wannan ba ya nufin kada a taɓa murfi sam. Murfi yakan fashe, yakan tsufa, wani lokaci kuma dole a buɗe don gyara. Ga yadda Kawu ya koya mini. A kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya a wuri mai tsabta, a bar injin ya huce sarai. In murfin gefe ne na roba, a kwance notinsa, sa'an nan a ja shi kai tsaye a hankali, kada a lanƙwasa, domin ƙahoninsa saurin karyewa gare su. Wajen mayarwa, ɗan ruwan sabulu a ramukan roba yana sa su shiga ba gardama. In murfin kulochi ne, to aikin makanike ne, ko a yi shi a gabansa. Sai an juye mai tukuna. A yi amfani da sifana daidai kan noti, yawanci lamba 8 ce. Notunan ba tsawonsu ɗaya ba, saboda haka a zana siffar murfin a kan kwali, a huda, a soka kowane noti a gurbinsa. Kada a cusa sukudireba a ɓanɓare murfi, a ɗan bubbuga shi da katako har ya saki. A kankare tsohon gasket, a sa sabo, kada a ce za a yi tattali a nan. Wajen ɗaurewa a fara da hannu, kana a bi su da sifana kaɗan-kaɗan, wannan gefe sa'an nan wanda ke fuskantarsa. Jikin injin na alminiyam ne, noti kuwa ƙarfe ne mai tauri, in aka matsa fiye da kima sai zaren ramin ya cinye. Daga ƙarshe a zuba mai, a tayar da injin na 'yan mintoci, a kashe, a duba ma'aunin mai, a shimfiɗa takarda a ƙasa a ga ko akwai ɗigo. Washegari a sāke dubawa.

Wajen saye kuma a lura. A tafi da tsohon murfi a gwada ramukansa da na sabon, domin babura da yawa sun yi kama amma ba ɗaya suke ba. In abin ado zai hau kan notunan injin, a tambayi makanike ko ana bukatar notuna masu ƙarin tsawo. Kada a sa abin da zai ɓoye lambar injin, ko ma'aunin mai, ko wurin da ɗigo zai bayyana. A guji kayan hannu da ba a san asalinsu ba, don kada a sayi na sata a jawo wa kai magana. A kuma adana murfin asali, domin ranar da za a sayar da babur, mai saye yakan rage kuɗi in ya ga an yi masa gyare-gyare.

Ina roƙon iyayenmu, in za a ɗauki Inna ko ƙannenmu mata a babur, a dubi murfin sarƙa kafin a hau, a kuma tattara zane da hijabi. 'Yan'uwana ɗalibai kuma, son kwalliya ba laifi ba ne, amma tambaya ba ta ɓad da mutum. Da na tashi Yaya daga barci na tambaye shi, ko da na faɗi gaskiya a ranar da notin ya saki, da gyaran bai wuce na awa ɗaya ba, da tunkiyar Baba tana nan a turke. Farantin nan yana rataye a bangon garejin Kawu har yau, duk sabon yaron da ya zo koyon aiki sai an nuna masa shi. Allah ya kiyaye mu a hanya, ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.