Ƙaramin jemagen ƙasarmu ba ya shan jinin kowa

Abin takaici ne ka ga yara da danƙo da wutar kara suna bin ƙananan jemagun rufin makaranta, manya na tsaye suna zuga su, wai mashayan jini ne. Wa ya taɓa ganin wanda jemage ya tsotse a ƙasar Hausa?

Jemage dabba ne mai haihuwa da shayarwa, ire-irensa sun haura 1,400. A 1875 masani George Dobson ya kasa su gida biyu: manya masu cin 'ya'yan itace, irin masu cika kan mangwaro, da ƙanana waɗanda akasarinsu ƙwari suke ci. Ƙaramin ba jaririn babban ba ne, iyakar girmansa ke nan. Wani na ƙasar Tailan ma nauyinsa bai fi giram 2 ba. Daga baya binciken ƙwayoyin halitta ya gyara wannan rabo, domin an gano wasu ƙananan, masu hanci mai siffar kofaton doki, sun fi kusanci da manyan fiye da sauran ƙananan.

To ina masu shan jinin? Akwai su, cikin ƙananan suke, amma iri uku ne kacal, kuma daga Meziko zuwa Amurka ta Kudu suke zaune. Babu ko ɗaya a Afirka. Can ɗin ma dabbobi da tsuntsaye suka fi bi, su ɗan tsaga fata su lashe. Wanda kake ƙonawa fa? Da magariba yake fita, yana sakin siririyar ƙarar da kunnenka ba ya ji, amon ya dawo masa, ya gane inda ƙwaro yake ya cafke. Ƙwarin da ke cin gonarka yake rage maka kyauta, sakayyarsa wuta. Haba jama'a!

Ban ce a rungume shi ba, domin yana iya ɗaukar cuta irin ta haukan kare. Kada a taɓa shi da hannu, mai rai ko matacce, a kuma tsawata wa yara. In ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a garzaya asibiti. In jemagu sun addabi ɗaki, a jira su fita da almuru a toshe kafar da suke shiga, ban da lokacin da suke goyo, don 'ya'yan za su mutu a rufi su yi wari. Kashinsu kuwa a yayyafa masa ruwa, a rufe hanci, sannan a share.